Taɗiya a Kan Allo: Yadda Ake Tarbar Baƙon Taku a Wasan Ces



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabi bana, sai na ɗauka za a ce in yi magana a kan sana'ar da nake ci da ita. Ashe ba haka ba ne. Abin da aka rubuta shi ne in yi bayani a kan wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, musamman yadda mutum zai yi idan abokin karawarsa ya buɗe wasa da salon da bai taɓa gani ba. Na san wanda ya kitsa wannan. Ga shi can a layi na biyu yana sunkuyar da kai. Shi ne ya tsaya a bayana ranar da aka ƙure ni cikin taku bakwai, kuma tun daga ranar har muka yi furfura bai bar ni na sha ruwa ba. To, na karɓa. Wanda aka kayar ai shi ya fi kowa sanin taurin ƙasa.

Bari in ɗan tuna wa waɗanda suka manta, domin na san akwai waɗanda rabonsu da allo tun ranar da muka ajiye alƙalamin jarrabawar fita. Allon ces gida 64 ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. Mu a zamaninmu da sunayen da malaminmu na lissafi ya koya mana muke kiransu, Allah ya jiƙansa: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas a sahun gaba. Giwa kuwa ba shi ya ƙirƙiro ta ba, haka Larabawa ke kiranta tun da wasan ya zo musu daga Indiya ta hanyar Farisa, suna ce masa shaɗaranji. Kowane gida yana da suna, wato harafi daga a zuwa h, da lamba daga 1 zuwa 8. Wanda ke da allo a gida, in mujalla ta fito sai ya shimfiɗa ya bi ni taku-taku. Wanda ba shi da shi ya yi haƙuri ya saurari labarin kawai.

Muna aji huɗu aka kai mu gasa wata makaranta, a motarmu ɗin nan da sai an tura take tashi. Mu huɗu ne, ni ne a allo na ɗaya, kuma a lokacin ina jin babu kamata a lardin nan. Sai aka zaunar mini da wani ɗan ƙanƙanen yaro ɗan aji biyu, ƙafarsa ma da ƙyar take taɓa ƙasa. Farare ne nawa. Na tura dakare e4, ya tura nasa e5. Na fito da doki f3, ya fito da nasa c6. Na kai giwa c4. Duk wannan yana cikin ɗan littafin da muke karba-karba da shi a ɗakin kwana. Sai yaron nan ya sake ɗaukar dokin da ya riga ya fitar, ya dire shi a d4, ya bar dakarensa na e5 babu mai tsaro. Har da sosa ƙeya, kamar wanda ya yi kuskure.

Ban yi ko minti guda ba na sa doki na cinye dakaren. Ya fito da sarauniya g5, tana hararar dokina, tana kuma hararar dakarena na g2. Maimakon in farga, sai na ga wata garaɓasar: na ci dakaren f7 da doki, na haɗa sarauniyarsa da hasumiyarsa a baki ɗaya. Har na waiwaya na yi wa abokina na layi na biyu murmushi. Yaro ya ci g2 da sarauniya. Na janye hasumiya zuwa f1. Ya ci e4, ya kai wa sarkina hari. Na tare da giwa a e2. Ya ɗauki dokin nan da na rena ya ajiye a f3, ya naɗe hannu. Na duba, na sake dubawa. Sarkina yana tsakiyar mutanensa, sarauniya a gefe, hasumiya a gefe, dakaru biyu da giwa a gabansa, su suka toshe masa kowace ƙofa. Giwar da za ta ci dokin kuwa ba ta da ikon motsi, domin da ta ɗaga sarauniyarsa na kan sarkina. Shi ke nan.

Sauran 'yan'uwana uku suka yi ta fama har la'asar. Ɗaya ya ci, ɗaya aka cinye shi, ɗaya ya yi canjaras. Da na ci nawa da kofi ya biyo mu gida. A mota Malam bai ce mini uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mini bulala zafi. Kashegari da dare ya sa aka kira ni daga ajin karatu, ya jera allo daidai inda yaron ya dire doki, ya ce, "Da ka ga wannan, me ka tambayi kanka?" Na ce, "Malam, na tambayi kaina me zan ci." Ya ce, "To, shi kuma da ya ajiye, me yake so? Ka tambaya?" Na yi shiru. Ya nuna mini cewa da na sa dokina na ci dokinsa kawai, shi ya rama da dakare, da na shigar da sarkina bayan dakaru na zauna lafiya, shi kuwa ba shi da ko ɗa guda a waje. Ko bayan na ci dakaren farko ma da sauran dabara: in ci f7 da giwa maimakon doki, in tilasta wa sarkinsa motsi, in ɓoye nawa, in bar dokin ya tafi a kan dakaru biyu. Kwaɗayi na biyu ne ya kashe ni, ba na farko ba.

Daga baya na gane cewa tarkon da na faɗa tsoho ne tukuf. A Ingila ana jingina shi ga wani gwaninsu, Joseph Henry Blackburne, wanda ya rayu daga 1841 zuwa 1924, har ana labarin wai da shi yake karɓe wa 'yan koyo sule-sule a gidajen shan shayi. Shi ya sa suke kiransa tarkon sule. Ni ban biya sule ba, kofi na biya.

Irin wannan buɗe wasa da ake ba ka ɗa kyauta tun da fari, Turawa na kiransa gambit. Kalmar daga Italiya ta fito, kuma wani limamin coci ɗan Sifen, Ruy López, ya sa ta a littafinsa na ces a 1561. Ma'anarta ta asali ita ce sa wa mutum ƙafa ya faɗi. Ashe ba mu da buƙatar aro, muna da tamu: taɗiya. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san ɗan kokawa ba ya sakar maka hannu don yana son ka, sai don ƙafarsa tana neman taka.

Abin da ya sa maganar ta wuce ba'a tsakanina da abokina shi ne wannan. Shugaban makaranta ya gaya mini cewa ƙungiyar ces ta sake tashi bayan ta daɗe a kwance, kuma a zangon da ya wuce 'ya'yanmu sun fita gasa, an cinye yawancinsu tun kafin a kai taku goma sha biyar. Na je na zauna da su, na sa suka maimaita mini wasanninsu. Yaran nan ba su da laifin rashin kai. Sun fi mu sani nesa ba kusa ba, domin suna kallon gwanayen duniya a wayar hannu lokacin hutu. Amma da zarar an yi musu takun da ba su gani a waya ba, ɗayan biyu ne: ko hannu ya riga kai, ko jiki ya mutu. Wasunsu har sun ce za su bar wasan. Shi ne wasu daga cikinmu suka kawo shawara a saya musu littattafan tarkuna su haddace, su ma su je su kayar da wasu. Ni ban goyi bayan a fara da wannan ba, kuma zan faɗi dalilina.

Ku yi lissafin da ni. Mai farare yana da taku 20 da zai iya farawa da su, mai baƙaƙe ma 20. Kowa ya taka sau ɗaya tak, allo zai iya kasancewa cikin kama 400. Kafin kowa ya taka sau uku an shiga miliyoyi. Masana a birnin Belgired sun taɓa zama suka kasa salon buɗe wasa gida 500, cikin manyan littattafai biyar da suka fara fitowa a 1974, kuma kowane gida da rassansa. Yaron da ke da lissafi da kimiyya da Turanci a gabansa, yaushe zai haddace wannan? Ko ya haddace dubu, na dubu da ɗaya ne zai same shi ranar gasa. Saboda haka abin da za a koya masa shi ne abin da zai yi a ranar da hadda ta ƙare.

Farkon abin kuwa shi ne ya zauna a kan hannunsa. Da gaske nake, haka Malam yake sa mu yi. Baƙon taku ya zo, kada ka taɓa kome sai ka amsa wa kanka tambayar Malam: me yake so? Ka ɗauka kamar an hana ka takawa, an ba shi damar ya sake takawa, me zai yi maka? Ka duba duk harin da zai iya kai wa sarkinka, da duk abin da zai iya ci, ko da ka ga kamar wauta ce. Sa'an nan ka duba inda ɗan ya baro, domin kowane taku yana kama wani wuri, yana kuma sakin wani. A farkon wasa akwai gida guda da ya kamata ido ya riƙa komawa kansa: f7 ga mai baƙaƙe, f2 ga mai farare. Dakaren da ke nan ba shi da mai tsaro sai sarki kaɗai. Ƙurewar nan ta taku huɗu da dukkanmu muka sha a aji ɗaya, inda giwa ke c4 sarauniya ke h5, a kan wannan gida take faɗowa, kuma maganinta bai wuce ka tura dakare g6 ka kori sarauniyar, in ta koma f3 ka tare da doki a f6.

Bari in ba ku misalin da ya kayar da biyu daga cikin 'ya'yanmu a rana ɗaya. Ana kiransa da sunan wani ɗan Suwidin, Fritz Englund. Ka tura dakare d4, sai a tura maka e5 a ce ci. Ka ci. Ya fito da doki c6, ka tsare abin da ka ci da doki a f3. Ya kai sarauniya e7, ka ƙara tsaro da giwa a f4. Sai sarauniya ta zabura b4, ta kai wa sarki hari, tana kuma kallon giwarka da dakaren b2. Ka dawo da giwa d2, ta ci b2, ga ta a kan hasumiyarka. A nan ne ake rabuwa. Yaranmu duka biyu giwa suka kai c3, domin a ido ta kori sarauniya, ta kuma tsare hasumiya. Sai aka kawo musu giwa b4 aka ɗaure tasu a gaban sarki. Suka kawo sarauniya d2, aka ci giwar, suka rama da sarauniya, sai tasa ta sauka c1, wasa ya ƙare a taku takwas. Alhali kuwa da doki suka fitar c3, da sarauniyarsu ta tsare hasumiya, da kuma ita sarauniyar baƙaƙe ce za ta shiga uku, a yi ta korarta da hasumiya da doki har gidanta ya rushe. Bambancin duka shi ne, taku ɗaya ya sake motsa ɗan da ya riga ya motsa sau biyu, ɗayan kuwa ya tashi wanda ke barci. Yaro ba ya buƙatar sanin sunan Englund kafin ya gane wannan. Idan ka rasa abin yi, ka duba wa ke barci a sahun baya ka tashe shi.

Yanzu ga tambayar da kowa ke yi: in an ba ka, ka ci ko ka ƙi? Amsa ita ce, babu doka guda. Amma akwai ciniki, kuma mu jikokin fatake bai kamata ciniki ya gagare mu ba. Mai taɗiya yana sayar maka da dakare, kai kuma kana biyansa da lokaci. Tsofaffin masana sun yi kiyasin cewa dakare guda yana daidai da taku uku na fitar da 'ya'ya. Saboda haka ka ƙirga. In cin dakaren da riƙe shi zai sa ya riga ka da taku ɗaya ko biyu, kuma sarkinka na da hanyar ɓuya, ci abinka. In ka ga zai fitar da 'ya'ya uku ko huɗu kai kana nan kana kiwon dakare, to kaya ya yi tsada.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda na fi so a koya wa yara, wato ka ci, sa'an nan ka mayar a lokacin da ya dace da kai. Wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, William Evans, ya fito da wata taɗiya a wajen 1827, inda mai farare ke ba da dakaren b4 don ya mallaki tsakiyar allo. Ta yi shekaru da dama tana cin mutane. Sai Emanuel Lasker, wanda ya riƙe kambin duniya shekara 27, daga 1894 zuwa 1921, ya nuna cewa ba dole ne ka rungume dakaren ba. Ka ci, ka janye giwarka wuri mai kyau, ka bar shi ya karɓi abinsa. Kafin ya karɓa an yi musayar sarauniya, harin da ya yi tanadi ya bi ruwa, ya rage da dakaru a warwatse. Mutumin da ya zo da shirin yaƙi, ka mayar da shi lissafin kwabo-kwabo, ka riga ka karya masa gwiwa. Ba wai taɗiyar ta mutu ba ne, domin Garry Kasparov ya tono ta a 1995 a birnin Riga ya kayar da Viswanathan Anand da ita cikin taku 25. Amma tun daga Lasker an san cewa akwai ƙofar fita.

Wanda ya ƙi mayarwa kuwa, ga abin da ke samunsa. A taɗiyar sarauniya, mai farare na tura d4 da c4, mai baƙaƙe ya ci c4. Ba laifi. Laifin shi ne ya ce sai ya riƙe. Ya tura b5 ya tsare, a tura masa a4, ya ƙara da c6, a yi musaya a b5, sai sarauniya ta fito f3 ta hango hasumiyarsa ta a8 ta cikin hanyar da shi da kansa ya buɗe. Dole ya ba da doki ko giwa kafin ya fanshe ta. Ya riƙe kwabo ya saki fam. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen da, kuma a wasan nan har kalmar mabuɗi ta zauna daidai.

Wasan da nake so kowane yaro ya jera a allo ya bi da hannunsa shi ne na José Raúl Capablanca, mutumin Kyuba, da Frank Marshall na Amurka, a birnin Niyok a 1918. Marshall gwanin kai hari ne, kuma ya zo da shiri. A taku na takwas, cikin salon da kowa ke ganin ya san shi ciki da waje, sai ya tura dakare d5, ya ba da na e5 kyauta. Har ana cewa ya daɗe yana ɓoye wannan makami don Capablanca kaɗai. Ku dubi halin da Capablanca ke ciki: shi yana tunani a kan allo agogo na tafiya, abokin karawarsa kuwa daga gida ya zo da amsoshinsa. Ya duba, ya ci dakaren. Marshall ya jero giwa da doki da sarauniya a kan sarkinsa. A taku na goma sha uku Marshall ya ajiye doki a g4, a bakin dakaren h3, ya ce ci. A nan Capablanca ya ƙi, ya fito da sarauniya f3, inda take tsaron gida tana kuma hararar hasumiyar Marshall. Mutum ɗaya, cikin taku kaɗan, ya karɓi kyauta ɗaya ya ƙi ɗaya, kuma kowanne da lissafinsa. Hari ya yi tsanani har sarkinsa ya bar ɗakinsa, ya taka da ƙafa daga g1, ya bi ta f1 da e2 da d3 har ya sami mafaka a c2. Da ƙura ta lafa, sai ga shi 'ya'yan Marshall sun ƙare, na Capablanca kuwa yanzu suke fitowa. A taku na 36 Marshall ya sallama. Abin mamaki, taɗiyar tana da kyau, har yau manyan gwanaye na yin ta da sunan Marshall, bayan an gyara mata taku na goma sha ɗaya. Wato mai gaskiya a littafi ya sha kashi a hannun mai natsuwa a kan allo.

Kada kuma yaranmu su ɗauka ƙanana kaɗai baƙon taku ke rikitawa. A 1980, a garin Skara na Suwidin, Anatoly Karpov yana riƙe da kambin duniya, ya buɗe da e4, sai Tony Miles na Ingila ya amsa masa da a6, wato ɗan dakaren gefe, takun da in ɗan aji ɗaya ya yi Malam zai ja masa kunne. Karpov ya kama tsakiyar allo yadda ya kamata, ba a farkon wasan ya faɗi ba. Amma wasa ya yi nisa, Miles ya cinye shi a taku 46. A ganina darasin da ke nan shi ne, takun reni ba ya nufin an ba ka wasa. Abin da ya ba ka ɗan rinjaye ne kaɗan, kamar wanda aka ba tazarar taku biyu a tseren mil guda. In ka ce sai ka hukunta mai shi nan take don ya rena ka, zuciya ce ke wasa, ba kai ba. Ni ma abin da ya same ni ke nan da ɗan aji biyu.

Kasparov kuma ta wata fuskar ya faɗi. A watan Mayu na 1997 ya kara da kwamfutar nan Deep Blue a Niyok, aka zo wasa na shida suna kunnen doki. Don ya kauce wa abin da na'urar ta sani, sai ya bar salon da ya saba ya shiga wani da ba ya cikin makamansa na yau da kullum. A taku na bakwai ya tura h6, na'ura ta ba da doki a e6, sadaukarwar da ke rubuce a littattafai tun kafin ranar. A taku 19 ya sallama. Gwanin duniya ke nan, ya bar gidansa don ya ba wani mamaki, ya ɓata a unguwar da ba tasa ba. Shi ya sa nake gaya wa yara su zaɓi salo ɗaya da farare, biyu da baƙaƙe, ɗaya na amsa e4 ɗaya na amsa d4, su zauna a kansu shekara guda cur ko ana cinye su. Wanda ya san ɗakinsa ko an ɗauke wuta zai sami ƙofa.

Sai maganar agogo, a taƙaice. Yaranmu suna ƙona lokaci a kan takun da suka sani, su yi sauri a kan wanda ba su sani ba. A juya. Takun farko da ya fita daga abin da ka sani, nan ne wurin kashe minti biyar ko goma. Kuma in an cinye ka, kada ka tashi sai ka rubuta wasan, ka nemi wanda ya cinye ka ya nuna maka inda ka kauce. Yau ma an huta, akwai manhajar waya da za ta nuna maka cikin ƙiftawar ido. Sai dai ina roƙon malamai su sa yaro ya fara nemowa da kansa kafin ya tambayi na'ura, in ba haka ba gobe zai manta. Ni tarkon sule sau ɗaya ya kama ni a rayuwata, saboda daren nan da Malam ya sa na jera shi sau goma.

Abokina na layi na biyu zai ce, to ai ka ga amfanin sanin tarko. Na yarda da shi rabi. A nuna wa yara tarkuna, har ma a bar su su yi taɗiya da kansu a wasannin yamma, domin wanda bai taɓa ba da dakare ya kai hari ba ba zai san abin da mai harin ke tsoro ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yaro ya gina wasansa a kan fatan abokin karawarsa zai yi kuskure. Tarkon sule yana cin mutum irina ranar nan. In ya haɗu da wanda ya zauna a kan hannunsa, mai tarkon ne zai koma gida da taku biyu a baya. Shi kansa yaron da ya kayar da ni, da muka sake haɗuwa shekara ta zagayo ya sake dire dokin nan a d4. Na ci dokin, na ɓoye sarkina, kuma daga nan ba shi da wani abu a jaka.

Ya shugaban taro, ga abin da na zo roƙo. Ƙungiyar yaran nan tana da allo uku ne kacal, ɗaya ma da murfin kwalba ake cike gurbin hasumiya, kuma ba su da agogo ko ɗaya, sai ranar gasa suke fara ganinsa. Ina roƙon ƙungiya ta sa allo goma da agogo biyar cikin kasafin bana. Na ɗauki nauyin agogo biyu. Abin da ya fi kuɗi kuwa, ina neman mutum huɗu daga cikin waɗanda ke zaune a garin nan, kowa ya ɗauki Asabar ɗaya a wata ya zo ya zauna da su awa biyu. Ba sai gwani ba. Aikinsa kawai ya riƙa yi musu takun da ba su zata ba, in hannu ya miƙe ya ce, "Tsaya, me nake so?" Sakatare na da takarda a bakin ƙofa, na riga na rubuta sunana a Asabar ta farko, na kuma rubuta na abokina a ta biyu ba tare da na shawarce shi ba.

Na zo da allo, yana nan a kan teburin baya. Bayan an ci abinci, duk wanda ke jin yana da wata taɗiya da ya ɓoye tun muna aji biyar, ya zo ya gwada. Na ba shi farare.